Antibodin nan na Fakta VIII ne ko na von Willebrand?

Hauwa'u M.
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa aiki da antibodi, wato sinadarin garkuwar jiki da ake gano wani furotin da shi a leb, a kan furotin na daskarewar jini. Digiri na biyu nake yi, aikina shi ne auna Fakta VIII, ɗaya daga cikin waɗannan furotin, a ruwan jinin masu sikila, ina kwatanta lokacin da suke zaune lafiya da lokacin da ciwo ya tashi. Wata huɗu na yi ina jiran antibodin, kuɗinsa ma da ƙyar na haɗa. Na zomo ne, a jikin kwalbar an rubuta "Factor VIII-related antigen". Jiya na yi Westan bulot na farko, gwajin da ake raba furotin a jel bisa nauyinsu, a ɗauke su zuwa takarda, antibodi ya nuna wanda ake nema, sai ga layi guda ɗaya, baƙi ƙirin, a wajajen kilodalton 250 na ma'aunin nauyin furotin. Har na yi murna. Yau da safe na koma littafi, sai na ga ashe Fakta VIII gida biyu yake a cikin jini, ba dunƙule yake yawo ba. To ina layi na biyun ya shiga? Ko wajen haɗa jel na yi kuskure?

Sabi'u Leb
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ɗauko takardar da ta zo tare da kwalbar. Akwai wurin da ake faɗin abin da aka yi wa zomon allura da shi. Karanto mana.

Hauwa'u M.
An ce furotin von Willebrand ne da aka tace daga ruwan jinin mutum. Amma Yaya Sabi'u, ai sunan Fakta VIII ne a sama, na ɗauka duk abu ɗaya ne.

Sabi'u Leb
Kash. Jel ɗinki lafiyarsa ƙalau, antibodin ma ya yi aikin da aka yi shi dominsa. Von Willebrand kika kamo. Ki yi haƙuri, ba ke kika fara faɗawa ramin nan ba. Baba Tanko, zo ka ba ta labarin, ka fi ni iya shi.

Baba Tanko
'Yata, zauna ki ji yadda sunan nan ya samo asali, don suna linzami ne, kuma wannan ya daɗe yana jan mutane zuwa inda ba su nufa ba.

A 1926 wani likita ɗan ƙasar Finland, Erik von Willebrand, ya buga bayanin wata cutar zubar jini da ya gani a wani gida a tsibiran Aland. Yarinya 'yar shekara biyar aka fara kawo masa. Abin da ya ba shi mamaki shi ne cutar tana kama mata da maza, alhali himofiliya, sananniyar cutar zubar jini ta gado, kusan maza kaɗai take kamawa. Shekaru suka yi ta tafiya ba a san wane furotin ne ya yi ƙaranci ba, sai dai an lura masu cutar su ma Fakta VIII ɗinsu yakan yi ƙasa.

A 1971, a birnin Kilibland na Amurka, Zimmerman da Ratnoff da Powell suka tace abin da suke ɗauka Fakta VIII ne, suka yi wa zomo allura da shi, suka ɗebi antibodin da jikinsa ya yi. Da suka gwada a jinin masu himofiliya A, waɗanda Fakta VIII ne matsalarsu, sai suka tarar abin da antibodin ke kamawa yana nan cif, kamar na mai lafiya. A jinin masu cutar von Willebrand kuwa ya ragu sosai. Gwajin ya raba cututtukan biyu, wannan babban ci gaba ne. To amma me za a kira abin da zomon ya gani? Aka ce masa "antijin mai alaƙa da Fakta VIII". Sai daga baya ta fito sarari cewa furotin biyu ne manne da juna, kuma babban cikinsu zomon ya fi gani. A 1984 aka zaƙulo ƙwayar gadon Fakta VIII, tana kan kuromosom X. A 1985 aka zaƙulo ta von Willebrand, tana kan kuromosom 12. Masana suka sauya suna, amma masu duba nama a madubi sun riga sun saba da tsohon, shi ya sa har gobe za ki gan shi a jikin kwalba. Akwai ma wani antibodi na ɓera da ake amfani da shi sosai, sunansa F8/86, shi ma von Willebrand yake kamawa. Duk wanda ya ga F8 ai sai ya rantse.

Dakta Rakiya
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Hauwa'u, ko ba ki ga takardar ba, lissafi kaɗai ya isa ya sa ki tsaya. Von Willebrand a ruwan jini kusan maikurogiram 10 ne a kowace mililita. Fakta VIII bai wuce nanogiram 100 zuwa 200 ba. Ninki hamsin ke nan zuwa ɗari a tsakaninsu. Kin ɗiga ruwan jini kai tsaye ba ki tace ba, kika samu layi baƙi ƙirin. Fakta VIII ba ya fitowa da wannan fara'ar. In ma ya fito, ƙaramin sashensa za ki gani a wajen kilodalton 80, babban kuma ya bazu daga 90 zuwa 200, don ba tsawo ɗaya ake yanke shi ba. Von Willebrand 'yan guda-guda ne da haɗin salfa ya ɗaure su dunƙule-dunƙule, layi guda a 250 bayan an tsinke haɗin kuwa ɗan guda ne nasa, mai amino asid 2050.

Dangantakarsu kamar ta uwa ce da goyonta. Von Willebrand ke goye da Fakta VIII a cikin jini. Yana goye, sai ya yi kusan awa 12 kafin rabinsa ya ɓace. In babu mai goyo, wajen awa biyu ne.

Hauwa'u M.
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi jikina ya yi sanyi. Samfur 38 na tara. Kuma mai duba aikina ya ga hoton jiya, har ya ce in ci gaba.

Nasiru A.
Ni dai shawarata ki ajiye kwalbar nan gefe, ki nemi antibodin Fakta VIII na ainihi, monokulonal, wato mai kama wuri ɗaya tak a jikin furotin, wanda aka tabbatar da shi a kan ƙwayoyin da aka cire wa furotin ɗin. Tun 1975 Köhler da Milstein suka nuna yadda ake yin monokulonal a Kembirij, amma har yau muna dogara da jinin zomo, wanda na bana daban, na baɗi daban. A 2023 wata ƙungiya a Kanada ta gwada antibodi 614 na kasuwa a kan furotin 65, sama da rabi suka faɗi a aƙalla gwaji ɗaya. A leb ɗin da nake, ba a yarda ka kawo sakamako da antibodin da ba a yi masa wannan tantancewar ba.

Baba Tanko
Nasiru ɗana, leb ɗin da kake, wuta tana ɗaukewa?

Nasiru A.
Baba ai ka san amsar.

Baba Tanko
To ka tausaya wa yarinya. Wata huɗu ta jira wannan, ka ce ta sake jiran wani. Kuma binciken da ka kawo, furotin na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi aka duba, ba na jini ba. Darasinsa gaskiya ne, ban musa ba. Amma antibodin zomo na von Willebrand ba baƙo ba ne. Tun farkon shekarun 1980 da Ruggeri da Zimmerman suka fito da hanyar ganin jerin dunƙulensa a jel ɗin agaros, irinsa ake amfani da shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Dakta Rakiya
Ku biyun kowa yana da rabin gaskiya, amma Nasiru, akwai inda ka kauce. Ko da ta samu monokulonal mafi kyau a duniya, Westan bulot ba hanyar auna Fakta VIII ba ce a jinin marasa lafiya. Aikinsa ake aunawa: a gauraya ruwan jinin mutum da wanda babu Fakta VIII a ciki, a ga tsawon lokacin da zai ɗauka ya daskare, ko a bi hanyar da launi ke fitowa. Don haka matsalar ta fi kwalba girma, tun daga tsarin aikin aka samu tangarɗa. Wannan kuma ba laifin ɗaliba kaɗai ba ne, amma a bar kaza cikin gashinta.

Batun zomo da ɓera kuwa, wato folikulonal irin naki da monokulonal, tambayar da kake yi ita ke zaɓa maka. In jerin dunƙule kake son gani, folikulonal ya fi, don wurare da yawa yake damƙa a jikin furotin ɗin, ko ɗaya ya ɓuya wani zai bayyana. In kana son sanin ko sashen A1 na von Willebrand ya buɗe ya shirya kama filetilet, ƙananan ƙwayoyin jinin da ke toshe rauni, ko kana son toshe sashen A3 da ke manne wa kolajin na bangon jijiya, sai monokulonal wanda aka san ainihin inda yake kamawa. Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne na bana daban, na baɗi daban, shi ya sa kowace kwalba ke da lambar rukunin da aka haɗa ta. Hauwa'u, rubuta ta a littafinki yau, ki saka ta a kundinki.

Nasiru A.
Na karɓi gyara a kan hanyar awon, Dakta. Amma ina nan kan bakata a abu ɗaya: har yanzu takarda muka karanta, ba mu gwada ba. Jiya an yarda da rubutun jikin kwalba, yau an yarda da rubutun takarda. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Sabi'u Leb
Wannan kam ka faɗi gaskiya. Hanya mai sauƙi: ta samo ruwan jinin da babu Fakta VIII a ciki, ta zuba a gurbi ɗaya kusa da na mai lafiya. In layin 250 yana nan a duka biyun, magana ta ƙare. Gwajin 1971 ɗin ne dai za ta maimaita.

Dakta Rakiya
A kula da wane iri. In na mai himofiliya A ne na haihuwa, von Willebrand ɗinsa yana nan, gwajin zai yi. Amma wasu na kasuwa da antibodi ake tsame Fakta VIII daga cikinsu, kuma yakan tafi da mai goyonsa. Sai layin ya dushe, ta ce ai ga shi Fakta VIII take kamawa. Ni da zan samu, ragowar kwalbar Fakta VIII ta magani zan nema, irin wadda ake haɗawa a masana'anta ba daga jinin mutum ba, ko da wa'adinta ya wuce. Galibi babu von Willebrand a ciki, in ma akwai ɗan ɓurɓushi ne. Kwalba mai yunit 250 in aka narka ta a mililita biyu da rabi, ta ninka na jini sau ɗari. In antibodin ya ga wannan ya wuce bai ce uffan ba, shi ke nan.

Mafi kyawun shaida ta ɗaya ɓangaren ita ce ruwan jinin mai cutar von Willebrand nau'i na 3, wanda jikinsa ba ya yin furotin ɗin kwata-kwata. Shi ne irin abin da Nasiru yake nema, halitta ta riga ta cire. Sai dai masu nau'in nan ba su da yawa.

Malam Isuhu
Ku gafarce ni malamai, ni ba ɗan fannin ba ne, karatu kawai nake a nan. Ɗan ƙanena aka yi wa kaciya, jini ya ƙi tsayawa har sai da aka ƙara masa. Wannan abin da kuke magana a kai zai iya nuna me ke damunsa?

Dakta Rakiya
Allah ya ba shi lafiya, Malam. Wannan kwalbar ta bincike ce, ba a yanke wa mara lafiya hukunci da ita. Ku kai shi sashen cututtukan jini na asibitin koyarwa mafi kusa da ku, ku gaya musu labarin kaciyar yadda ya faru. Za su ƙirga filetilet, su yi PT da APTT, gwajin lokacin daskarewar jini, in ta kama su auna Fakta VIII da IX. Ku kuma bincika ko a dangin mahaifiyarsa akwai namijin da ya taɓa irin haka, kawunsa ko ɗan innarsa, don ta wajen uwa himofiliya ke biyowa. Kafin nan kada a cire masa haƙori, kada a yi masa tsaga, kada a ba shi asfirin.

Malam Isuhu
Na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri.

Mamman Sani
Daga Damagaram nake gaishe ku. Hauwa'u, ni a ganina gaba ta kai ki, gobarar Titi. A sikila, von Willebrand ya fi Fakta VIII labari. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiyar jini ne ke yin sa, su adana shi a wasu 'yan jakunkuna da ake kira Weibel-Palade, ranar da jijiya ta fusata su sako shi dogo-dogo kamar igiya. Akwai almakashin da ke datse shi, ADAMTS13, a sashen A2, tsakanin amino asid na 1605 da na 1606. Da igiyar ta fi tsawo, ta fi danƙo. An nuna jajayen ƙwayoyin masu sikila suna manne wa jijiya ta hanyar waɗannan dogayen, an kuma nuna himogulobin da ya zubo daga fasassun ƙwayoyi yana hana almakashin aiki sosai. A zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ma haka, an gani a jikin yara a Ghana: von Willebrand ya hau, dogayen sun yawaita, ADAMTS13 ya ragu. Tambayarki ta lokacin lafiya da lokacin ciwo ta dace da shi sarai.

Hauwa'u M.
Yaya Mamman ka ɗan kwantar min da hankali. To da wannan kwalbar kaɗai me zan iya yi?

Mamman Sani
Jerin dunƙule. Jel ɗin agaros za ki haɗa da SDS, sabulun da ke warware furotin, kada ki sa komai mai tsinke haɗin salfa, in kin sa duk za su koma layi guda irin na jiya. Ki bar shi ya kwana yana tafiya a hankali cikin sanyi. In ya yi, za ki ga layuka jere kamar matakalar tsani, daga wajen kilodalton 500 har sama da 20,000. Aiki ne mai son haƙuri, manyan na sama ba sa son tashi daga jel zuwa takarda. Kuma ki tanadi batir ko sola, in wuta ta ɗauke tsakar dare layukan sai su baje.

Sabi'u Leb
In yawansa take son aunawa kuwa, ELISA, gwajin da ake yi a faranti, ƙarfin launi ya nuna yawan furotin. Daɗin von Willebrand shi ne abu ɗaya ne yake maimaita kansa, don haka antibodi iri ɗaya zai iya kama shi daga ƙasa ya kuma gano shi daga sama. Sai dai na saman dole ya zo da HRP, sinadarin da ke fito da launin, a manne. Kada ki ce za ki shimfiɗa na zomo a ƙasa, ki ɗora na zomo a sama, sannan ki kawo wani antibodi mai kama na zomo, faranti gaba ɗaya zai yi launi. Kuma ki nisanta sodiyam azayid daga HRP, kashe shi yake. Na taɓa asarar faranti biyu a kan haka, kwana uku ina zargin ruwa.

Yanzu tambayar da ta fi damuna. Samfur 38 ɗin nan, a wace kwalba kika ɗiba, kuma yaya kika kawo su leb?

Hauwa'u M.
Mai shuɗin murfi, ta sitiret mai hana jini daskarewa. Ina saka su a kula da ƙanƙara daga asibiti, in na iso in juya su a inji, in kwashe ruwan in sa a firiza.

Sabi'u Leb
Kwalbar daidai ce, in dai kin cika ta zuwa layi, jini kashi tara sitiret kashi ɗaya. Ƙanƙarar ce matsala. Jinin da ba a juya ba in ya sha sanyi, von Willebrand da Fakta VIII duka raguwa suke, kuma manyan dunƙulen da Mamman ke kwaɗaita miki su ne kan gaba wajen tafiya. Ƙa'ida a bar shi tsakanin digiri 18 zuwa 25, a juya shi cikin awa huɗu.

Baba Tanko
Littafin yana cewa "zafin ɗaki". Wanda ya rubuta bai taɓa shiga ɗaki a Sakkwato a watan Afrilu ba. 'Yata, ki sa kula ɗinki amma ba ƙanƙara, ko ki naɗe gorar ruwa mai ɗan sanyi a tawul ki ajiye gefe, kada ta taɓa kwalaben, ki jefa ma'aunin zafi a ciki. In za ki narkar da na firiza kuma, a ruwa mai digiri 37, minti biyar, ki gauraya a hankali. In kika bar shi ya narke a firiji, wani farin gari zai kwanta a ƙasa, kirayo ke nan da muke haɗa wa masu zubar jini a bankin jini, kuma von Willebrand ɗinki yana cikinsa.

Hauwa'u M.
Guda 14 na farko ne suka daɗe a ƙanƙara, don a lokacin sai na jira mota. Sauran a asibitin na juya su nan take. Duk na rubuta lokutan.

Dakta Rakiya
Madalla da kika rubuta. Ki ware 14 ɗin, ki faɗi dalili a kundin. Abu biyu kafin ki taɓa sauran. Na farko, koma wa kwamitin da ya ba ki izini. Takardar da marasa lafiya suka sa wa hannu in Fakta VIII kawai ta ambata, sai an yi gyara. Na biyu, rukunin jini. Masu rukunin O von Willebrand ɗinsu yakan gaza na sauran da kusan kashi 25 cikin ɗari. In masu O suka taru a ɓangare ɗaya na kwatancenki, za ki ga bambancin da ba na sikila ba ne. Juna biyu ma yana ɗaga shi, haka zazzaɓi, haka yaron da ya sha kuka kafin a samu jijiya.

Nasiru A.
In kuma wata rana kin kai ga auna aikinsa da ristosetin, sinadarin da ke sa shi kama filetilet a leb, ki san akwai wani sauyin gado, D1472H, da ya yawaita a jikin 'yan asalin Afirka. Yana sa gwajin ya nuna ƙasa alhali mutum lafiyarsa lau, don ristosetin ɗin ne ya kasa kama shi da kyau. Baba, ka ga ni ma ina tuna gida.

Baba Tanko
Na gani. Allah ya dawo mana da kai.

Hauwa'u M.
Salam. Yau kwana tara, ga abin da ya faru. Wata ma'aikaciyar jinya ta taimaka min da ragowar kwalbar Fakta VIII ta masana'anta wadda wa'adinta ya wuce, da izinin shugaban sashensu. Abu uku na gwada: ruwan jinin mai lafiya, Fakta VIII ɗin, sai kuma takarda ta biyu da ban sa mata antibodin zomon ba. Na mai lafiya ya fito da layinsa a 250. Gurbin Fakta VIII fari fat, na ƙara lokacin ɗaukar hoto har sau uku, babu ko inuwa. Takarda ta biyun ma fes.

Na kai wa mai duba aikina duka, da takardar kwalbar. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in rubuto sabon take. Takardar gyara tana wajen kwamiti tun shekaranjiya.

Sabi'u Leb
Barka. Abin da ya rage a kwalbar ki bi abin da takardarsa ta ce. In na firiji ne ki bar shi a firiji, can ciki ba a jikin ƙofa ba. In na daskarewa ne ki rarraba shi ƙanana tun yanzu, kada ki riƙa narkarwa kina mayarwa.

Dakta Rakiya
Rukunin jinin fa?

Hauwa'u M.
Ban rubuta ba, Anti. Amma kusan dukkansu an taɓa ƙara musu jini, yana cikin fayil ɗinsu. Ranar Litinin zan shiga ɗakin fayil da kaina. Yaya Mamman, kashi nawa na agaros kake sawa? Ina da gwangwani ɗaya tak.

Mamman Sani
Fara da kashi 1.2 cikin ɗari, ki gwada da jininki tukuna kafin ki taɓa na marasa lafiya. Turo hoton in ya fito, ko da ya baje.